Duwatsu Biyu a Aljihun Sallau

Ranar Talata muka sauka, ni da sikeli da allon awon tsayi,
a wata firamare kan hanyar Zango, an bar Daura a baya kaɗan,
inda dalbejiya ɗaya ke raba inuwa ga aji uku.
Hedimasta ya miƙo benci mai ƙafa uku da rabi,
ya ce, "A yi haƙuri, shi ma jinya yake jira."

Takardata gida-gida ce: suna, shekaru, nauyi, tsawo,
sannan tambayar da ta fi sauran nauyi a baki:
"Jiya, tun daga asuba har kwanciya, me ka ci?"

Barira ta ce shinkafa da kaza.
Aji ya kece da dariya, ta dunƙule cikin hijabi.
Na ja fatar idonta, fari fat kamar cikin sabuwar ƙwarya.
Na rubuta abin da ta faɗa, haka aka koya mana,
amma ni da fensir mun san gayan tuwo ne.

Tanimu ya ƙirga da yatsu: koko, ɗumame, goriba biyu.
Na ce, "Ƙwai fa?" Ya ce, "Kazarmu tana yi.
Inna ke kai shi kasuwa, ya dawo gishiri da sabulu."
Akwai gidan "ya ci", akwai gidan "bai ci ba",
na duba takarda sama da ƙasa,
babu gidan ƙwan da ya koma sabulu.

Sai Sallau.
Shekara goma sha ɗaya, in ji rajista,
tsawon ɗan takwas, in ji allo.
Ya hau sikeli da ƙirji a gaba kamar ɗan dambe,
allura ta zarce inda idona ya yi mata masauki.
Na ce sauka, ya sauka. Na ce sake hawa.
Wando ya fara sulalewa, ya cafke tazuge.
Duwatsu biyu, masu santsi, irin na bakin rafi,
kowane aljihu da nasa.

"Don me?" Shiru.
"Ba duka za a yi ba. Don me?"
Ya ce yara sun ce duk wanda bai kai ba
sunan uwarsa za a rubuta, a kai Katsina,
a ce ba ta iya ciyar da ɗa ba.
"Kuma ta iya," ya ce, yana kallon babban yatsansa.
"Ita ce ma ba ta ci."

Na ɗora duwatsun su kaɗai, kilo ɗaya da ɗan ɗoriya.
Shekara huɗu na yi ina karatun abin da ke gina jiki,
ba malamin da ya ce min yaro zai zo da rufin asirin gidansu
a aljihu, ya hau da shi.
Na sake auna shi ba komai, na rubuta gaskiya,
na nuna masa layin: ga lambarka, babu sunan kowa.
Ya bi da yatsa har ƙarshe kafin ya yarda.

Yanzu ina Katsina, dare ya raba, an ɗauke wuta an dawo.
Yara ɗari biyu da sha bakwai sun zama kaso cikin ɗari.
Jibi za a haska su a bango, a ɗakin taro mai sanyi,
tsakanin shayi da cincin,
zan miƙe in ce zogale a bayan aji, in ce wake,
in ce ko ƙwai ɗaya ne a mako,
za a gyaɗa kai, wani zai duba agogo.
Zan faɗa dai. Zan sake faɗa.

Dutse ɗaya ya roƙa na mayar masa,
da shi yake fasa ƙwallon aduwa in an tashi tara.
Ɗayan yana nan kan teburina.
In fanka ta juyo, takardu suka so tashi,
shi ke danne su.